Daga Jebba zuwa Kumasi a kan sawun Goloba

Duk wanda ya saba bin hanyar Mokwa zuwa Ilori ya san wurin da direba ke taka birki tun ba a hango ruwa ba. Tankokin mai sun jeru, masu busasshen kifi da masu rake sun yanyame tagogi, Nufanci da Yarbanci da Hausa na tashi lokaci guda. An iso Jebba ke nan. Galibin matafiya ba sa sauka, iyakarsu su leƙa Kwara daga kan gada su yi tasbihi, mota ta wuce. Ni kuwa nan na karɓi jakata, saboda labarin da ya fito da ni daga Kano a cikin ruwan nan ya soma.

Wani dattijo Banufe mai kwale-kwale ya yarda ya kai ni kusa da dutsen da ke tsaye a tsakiyar kogi, wanda Turawa suka laƙaba wa Dutsen Juju. "Malam, zauna tsakiya, kada ka motsa," abin da ya ce da ni ke nan har muka rabu da gaɓa. Daga kan gada ruwan a kwance yake, sai ka shiga za ka ji yana fizgar jirgi ta ƙasa, yanzu ma da madatsar Jebba ta karya masa ƙarfi. A wannan yankin ne, cikin watan Oktoba na 1857, wani ƙaramin jirgi mai tafiya da tururi mai suna Dayspring ya daki dutsen da ke ɓoye a ruwa ya lalace. Mutanen ciki suka fita da kyar. Akwai shugaban tafiyar, Dokta William Baikie. Akwai Samuel Ajayi Crowther, Bayarben da aka kama bawa yana yaro, wanda daga baya ya zama bishop. Sai wani laftanan na sojan ruwa mai shekara 28, John Hawley Glover, wanda mutanen Ikko za su riƙa kira Goloba.

An haife shi ran 24 ga Fabrairu 1829 a Yateley, wani ƙauye a kudancin Ingila, ubansa limamin coci ne. Yana da shekara 12 aka miƙa shi ga rundunar sojan ruwa, don a wancan zamani haka ake samar da hafsan ruwa: a ɗauke yaro tun bai san ciwon kansa ba, ya tashi cikin jirgi, ya koyi hawan igiya da lissafin taurari, ya sha horo. Inda Glover ya fi gwaninta shi ne safiyo. A jefa igiya mai dalma a auna zurfin ruwa, a zana bakin gaɓa, a sa alama inda dutse ke kwance. Aiki ne marar kirari, amma ƙarfin Ingila a kansa ya dogara, tunda jirgin da bai san hanya ba igwarsa ado ce. A 1853 ya yi yaƙi a Bama, harsashi ya same shi a fuska a wani gari mai suna Donabew a bakin kogin Irrawaddy. Bamar nan dai da kakanninmu suka je bayan shekara 90, cikin kakin rundunar da shi ne ya dasa tushenta. Ya kuma yi aiki a tekun Baltic lokacin da Ingila ke yaƙi da Rasha.

Abin da ya kawo su Kwara ciniki ne. Masana'antun Ingila na son manja, attajirai irin su Macgregor Laird na son su tsallake dillalan bakin teku su kai kaya cikin ƙasa, gwamnati kuma na cewa cinikin halal ne zai kashe cinikin bayi. Cikas ɗin shi ne zazzaɓi. Tafiyar 1841 ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawan da suka shigo kogin. A 1854 Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad yana ɗura wa mutanensa kwinin kullum, ya dawo da su ba a rasa ko ɗaya ba. Daga nan ƙofa ta buɗe. Saura a zana hanyar, kuma aikin da aka ba Glover ke nan. Ga mai safiyo, ba abin kunyar da ya wuce jirginka ya fashe a kan dutsen da aka aiko ka ka gano.

Sun yi kusan shekara guda a bukkoki a bakin ruwan nan kafin wani jirgi, Sunbeam, ya zo. Ƙasar tana hannun 'ya'yan Malam Dendo, Usman Zaki da Masaba, waɗanda a lokacin suke kafa Bida, baƙin kuma da izininsu suke zaune. Baikie bai koma gida ba. Ya gangara ya zauna a Lokoja, har ya kai ziyara Kano a 1862 zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, ya rasu a Saliyo a 1864 a kan hanyarsa ta komawa. Ma'aikatan reluwe sun tsamo wasu ƙarafan injin Dayspring suka ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba. Garin yana da hasumiyar tunawa da Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806, nan kuma Gwamna Lugga ya fara ajiye hedkwatarsa kafin ya koma Zungeru a 1902. Ƙaramin gari ne, amma Turawa sun daɗe suna kai-komo a kansa.

Zaman jiran nan shi ya sauya rayuwar Glover, don ya mai da shi mutumin tudu. Ya bi hanyar ƙasa tsakanin Kwara da Ikko, ta Ilori da garuruwan Yarbawa. Ni ma ita na bi, sai dai a cikin bas. Na kwana a Ilori, da safe na zaga unguwar Gambari, inda za ka ji mutum ya fara zance da Yarbanci ya ƙare da Hausa bai ma lura ba. Mutanen arewa sun daɗe a ƙasar nan, kuma ba duka ne suka zo da ƙafarsu ba. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun tura dubban bayi kudu, aka sa su kiwon dawaki da wanzanci da tufkar igiya da noma. Da yawansu sun gudu sun bi Afonja da Malam Alimi lokacin da Ilori ta ɓalle daga Oyo. Waɗanda aka sayar gaba, can Abeokuta da Ijebu da Ikko, ba su da wannan mafita. Irin waɗannan ne suka riƙa maƙalewa ayarin Glover, wasu da fatan komawa gida, wasu don kawai su yi nisa da iyayengijinsu. Ya ga sun san hanya, sun jure tafiya, sun iya faɗa, kuma ba su da kowa.

Ikko na shige ta da dare, ta Ibadan, na sauka wajen wani ɗan'uwa a Agege. Washegari na nufi tsibirin. Wanda ya tsaya a Marina yau, tsakanin dogayen benayen bankuna da hayaniyar 'yan danfo, da wuya ya yarda cewa a 1861 gari ne na rairayi da fadama da rufin ciyawa. A shekarar, ran 6 ga Agusta, Oba Dosunmu ya sa hannu ya miƙa Ikko ga Ingila, jirgin yaƙi Prometheus na tsaye a gaban gari. Shekara 10 kafin nan sojan ruwan Ingila sun yi wa garin luguden igwa, sun kori Kosoko sun mai da Akitoye. Watau tun farko harkar Ikko harkar sojan ruwa ce, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da hafsan ruwa ya zama mai mulkinta. An ɗaga Glover zuwa kwamanda a 1862, daga 1863 kuma shi ke riƙe da garin har 1872, da ɗan tsaiko a tsakani.

Ya tarar da mulki ba soja. Bature ba ya daɗewa zazzaɓi bai kayar da shi ba, sojan da ake kawowa daga tsibiran Karebiyan kuma tsada gare su, ga shi ba a ƙarƙashinsa kai tsaye suke ba. Sai ya juya ga mutanen da ya sani a hanya. Tarihin da rundunar sojan Najeriya ke bayarwa game da kanta ya ce da mutum 18 aka fara a 1863, su ake kira Hausawan Glover. Mutanen gari kuwa, da suka ɗanɗana hannunsu, sai suka sa musu Ɓarayi Arba'in. Ba dukansu ne Hausawa a haihuwa ba, akwai Nufawa da Barebari da wasu da dama, Hausa ce da Musulunci suka haɗa su, Turawa suka ɗaure su a suna ɗaya.

Lissafin Glover a fili yake. Baƙon da ba shi da dangi a gari, wanda ranar da ya tuɓe kaki ubangijinsa na iya zuwa ya kama shi, in ka ce ya harba zai harba. Lissafin bawan ma a fili yake: jiya dukiyar wani ne, yau yana da albashi da bindiga, ba mai taɓa shi. Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ni ban ga dalilin da za mu zauna a inuwa bayan shekara 160 mu kira su maciya amana ba, alhali su aka fara cin amanarsu ranar da aka ɗaura musu igiya a wuya, sau da yawa a kasuwannin ƙasarmu. Amma ban kuma yarda da masu zana Glover a matsayin mai 'yanta bayi ba. Ya 'yanta wanda yake buƙata, ya kau da kai daga bautar da ke cikin gidajen attajiran Ikko da yake shiri da su.

Na hau jirgin fito daga tsibirin zuwa Ikorodu don in ga inda aka fara gwada su. Tafiya ce mai daɗi in ruwa na kwance, ana wuce gidajen masunta da ke tsaye a kan turaku. A 1865 Egbawan Abeokuta sun yi wa Ikorodu ƙawanya, don ta nan abokan gabarsu mutanen Ibadan ke samun bindiga da albarushi daga bakin teku. Glover na son hanyar a buɗe, saboda kuɗin shigar Ikko daga kwastan yake fitowa, in hanya ta toshe baitulmali ya bushe. Ya ba Egbawa wa'adi, ba su tashi ba, ya haye ruwa da sojan Karebiyan da Hausawansa da rokoki ya tarwatsa sansaninsu. Egbawa ba su yafe ba. A 1867 suka kori 'yan mishan daga Abeokuta, Kiristocin garin da dama suka biyo su, Glover ya yanka musu fili a Ebute Metta. Layukan unguwar a miƙe suke har yau, suna gicciye juna, hannun mai safiyo ne ba ɓoye. Ana kuma danganta buɗe titin Broad da shi, don a rage barazanar gobarar da ke cinye gari.

Mutum ne mai zafin kai, mai son a yi yanzu. Yana zama ya saurari ƙara da kansa, yana da aminai a cikin attajirai irin su Taiwo Olowo, talakawa na jin daɗin cewa ana iya ganinsa. Amma idonsa na kan cikin ƙasa, London kuwa ba ta son kashe ko sisi a kan faɗaɗa mulki a lokacin. Da Egba da Ijebu suka rufe hanyoyinsu, sai ya mai da martani da nasa takunkumin, ya kuma aiki Roger Goldsworthy ya nemo wata hanya ta gabas, ta Ondo. Ciniki ya tsaya, 'yan kasuwa suka yi ta kai ƙara. A 1872 sabon babban gwamna, John Pope Hennessy, ya zo ya warware manufofinsa, Glover ya tafi Ingila bai dawo kujerar ba.

Duk da haka, bayan mutuwarsa mutanen Ikko sun haɗa kuɗi sun gina zaure da sunansa. Zauren Glover na yanzu yana titin Customs, ba ginin farko ba ne, an kuma gyara shi a 'yan shekarun nan. Mai gadin ya bar ni na leƙa. A zauren Glover aka fara nuna majigi a Najeriya, cikin Agusta 1903. A nan kuma, a watan Agusta na 1944, aka kafa jam'iyyar NCNC, Herbert Macaulay na shugaba, Nnamdi Azikiwe na sakatare, watau a ɗakin da ke ɗauke da sunan gwamnan mulkin mallaka aka shirya yadda za a kawar da mulkin. Amma shekarar 1903 ce ta tsaya mini a rai. Cikin watanni kaɗan kafin mutanen Ikko su zauna kallon majigin nan, Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu, Sakkwato ran 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ran 27 ga Yuli. Turawan da ke cikin waɗannan rundunoni 'yan ƙalilan ne. Masu riƙe da bindigogin galibi Hausawa ne da Yarbawa, da Hausa ake ba su umarni. Glover ya daɗe a kabari a lokacin, Lugga ne ya kafa rundunar a 1897, amma dabarar ta Glover ce.

Da yamma na je Obalende cin tsire, unguwar da ta taso a gefen barikin soja. Na zauna kusa da wani tsohon soja ɗan Zariya da ya yi ritaya bai koma gida ba. Na tambaye shi ko ya san Glover. Ya ce, "Titin Ikoyi? Ai ga shi can, ka hau babur." Na ce mutumin nake nufi, Baba. Ya yi dariya ya ce a depo an gaya musu wani Bature ne ya tara mutum 18, sun haddace don jarrabawa, iyakarta ke nan. Sai ya juyo da tambayar kaina: "To su sha takwas ɗin, ɗana, su wane ne?" Titi a Ikoyi, zaure a tsibiri, gari guda a Kanada, duk na mutum ɗaya ne. Su kuwa adadinsu kawai ake faɗa.

Hanyar Gana ta bakin teku ba ta da tsawo, iyakoki ne ke cinye yini: Seme, Kwatano, Lome, Aflao. Daga Aflao mota na ratsa ƙasar Anlo, ga kwakwa ga tafkuna, har a haye kogin Volta a gadar Sogakope. Na sauka a mararrabar Ada na shiga ƙaramar mota zuwa Ada Foah, inda kogin ke faɗawa teku. Wuri ne na masunta da masu gishiri, yanzu kuma da gidajen hutu na masu kuɗin Akara. A nan Glover ya kafa sansani a ƙarshen 1873.

Yaƙin Ingila da Asante ne ya kawo shi, musabbabin yaƙin kuwa shi ne Elmina. A 1872 Holan ta miƙa wa Ingila gidajen ganuwarta na bakin teku, Asante kuwa na ganin Elmina tata ce, ƙofarta ce zuwa teku. Farkon 1873 rundunar Sarki Kofi Karikari ta haye kogin Pra ta nufo kudu. Glover na zaune a Ingila ba aiki, ya kai kansa ofishin kula da ƙasashen mallaka ya ce a ba shi kuɗi da bindigogi, zai tara Hausawa ya bi ta Volta ya ɓullo wa Asante ta baya. Aka amince. Ba a jima ba ofishin yaƙi ya naɗa Janar Garnet Wolseley da nasa shirin, na kawo sojan Ingila kimanin 2,500 su bi ta Cape Coast. Aka wayi gari da shugabanni biyu, ofisoshi biyu, kowa na ƙoƙarin riga ɗan'uwansa kwashe Hausawan da ke bakin teku. A Akara Glover har biyan masu bayi ya riƙa yi don su saki bayinsu su shiga soja, abin da ya tayar da ƙura sosai.

Sarakunan Akara da Ada da maƙwabtansu sun kawo masa dubban mutane, sun karɓi bindiga da albarushi, amma ba Kumasi ce a ransu ba. Tsohuwar gabarsu da Anlo ce, can ƙetaren ruwa, suka ce sai an gama da su tukuna. Wanda ya tsaya a bakin kogin ya hango ɗaya gaɓar zai gane hujjarsu: wa zai tafi yaƙi cikin kurmi ya bar abokin gaba a bayan gidansa? Glover ya biye musu har ya haye Volta, sai ga umarnin Wolseley cewa lallai ya haye Pra ran 15 ga Janairu 1874. Ya bar wa Goldsworthy rigimar Anlo, ya ɗebi waɗanda ya tabbata za su bi shi, ƙasa da mutum 1,000, Hausawa da Yarbawa, ya kutsa kurmin Akyem. Ya cika wa'adin.

Motar Akara zuwa Kumasi na bi ta Nsawam da Nkawkaw, ƙarƙashin tsaunin Kwahu, sannan Juaso da Konongo. Daga wajen Juaso hanya ke ratsewa zuwa Obogu, garin manoman koko. Na ratse, don a nan ne na san sunan mutum ɗaya daga cikin Hausawan Glover. Tsakiyar Janairu suka afka wa garin, aka yi musayar wuta mai tsanani, aka harbi wani samanja da takardun Ingila suka rubuta da Braimah Doctor. Kyaftin Reginald Sartorius ya shiga cikin ruwan harsashi ya ɗauko shi. Samanja bai tashi ba. Sartorius ya sami Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Ingila, kuma a takardar lambar ne sunan samanjan ya tsira. Ibrahim ne ke nan, ɗan wata uwa a wani gari. A Obogu ba abin da ke nuna an yi haka, yara na dawowa daga makaranta, ana shanya koko a kan tabarmi.

Wolseley ya ci yaƙin Amoaful ran 31 ga Janairu, ya shiga Kumasi ran 4 ga Fabrairu, ya tarar sarki ya fice. Ruwan sama ya sauko, marasa lafiya sun yi yawa, sai ya kwashe abin da ya kwasa a fada, ya rushe ta, ya sa wa gari wuta ya juya, ba tare da wata yarjejeniya a hannu ba. A daidai nan ne amfanin Glover ya fito. Labari ya kai wa Kofi Karikari cewa ga wata runduna ta ɓullo daga gabas, Sarkin Juaben kuma ya riga ya miƙa wuya gare ta. Sartorius ya ratsa Kumasi da Hausawa 20 kacal ya cim ma Wolseley, Glover ya shiga kangon garin ran 12 ga wata. Manzannin sarki suka bi Wolseley har Fomena da kason farko na zinariya, aka tsara yarjejeniyar da ta ɗora wa Asante oza 50,000, ta kuma raba ta da Elmina. Mutanen Gana na kiran wannan yaƙi Sagrenti.

A gidan tarihi na fadar Manhyia na ga wasu daga kayan zinariyar da suka bar Kumasi a irin waɗannan hare-hare. A 2024, shekara 150 bayan ƙona garin, gidajen tarihi biyu na London suka maido da guda 32, amma aro, ba kyauta ba. Mai yi mana bayani ya faɗi kalmar aron nan ya yi shiru, ya bar mu mu ƙarasa da kanmu. A tsakiyar gari kuma akwai ganuwar da Turawa suka gina, yanzu gidan tarihin soja ce, inda mayaƙan Yaa Asantewaa suka tsare Gwamna Hodgson a 1900. Waɗanda suka tsare ganuwar daga ciki Hausawa ne, waɗanda suka zo ceto ƙarƙashin wani hafsa mai suna Willcocks da yawansu daga Najeriya aka kawo su.

Wolseley ya koma gida gwarzo, majalisa ta ba shi fam 25,000. Glover ya sami godiyar majalisa da lambar girma ta GCMG, ya zama Sir John. Daga nan Afirka ta fita daga rayuwarsa. A 1876 ya auri Elizabeth Scott, aka tura shi gwamnan Newfoundland, tsibirin masunta mai ƙanƙara a gabashin Kanada ta yau. Can ma bai zauna a ofis ba, ya yi ta zaga ƙauyukan bakin teku yana goyon bayan a shimfiɗa layin dogo. A takarda ya kai muƙamin kyaftin na sojan ruwa, amma rabonsa da jan jirgin yaƙi tun kafin ya hau kujerar Ikko. Ya yi gwamnan tsibiran Leeward daga 1881, ya koma Newfoundland, jiki ya ƙi, ya mutu a London ran 30 ga Satumba 1885 yana da shekara 56. An binne shi a maƙabartar Kensal Green. Garin Glovertown na Newfoundland sunansa ya ci.

Masaukina a Kumasi cikin Zango yake, inda da asuba ake karyawa da koko da ƙosai kamar a Fagge. Bayan la'asar na zauna da wasu dattawa a ƙofar wani shagon goro, na kawo zancen sojan Glover. Mai shagon ya ɗaga hannu. "A'a, Malam. Mu goro ya kawo kakanninmu, ba bindiga ba." Wani tsoho a gefe ya ce shi kam kakansa kaki ya sa, daga Ikko aka kawo shi, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Aka ɗan yi musu irin na waɗanda suka saba da juna.

Dukansu suna da gaskiya, hanyoyin biyu kuma sun haɗu a 1874. Kafin shekarar, Asante ba ta barin fatake su shigo kurmi yadda suka ga dama. A Salaga ta ƙasar Gwanja ake tsayawa, ayarin Kano ya sauke kanwa da tufafi da fatu, ya ɗauki goro ya juya, tafiyar watanni a kan jakuna. Da labari ya iso cewa Kumasi ta ƙone, Salaga ta yi wa Asante tawaye, Asante ta hana ta goro, kasuwa ta koma Kintampo. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa Salaga, malamai da attajirai suka watse, cikinsu har da Malam Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete Krachi. Goro kuwa ya sami sabuwar hanya, a gangara da shi bakin teku a loda a jirgin ruwa zuwa Ikko. Ita Alhassan Ɗantata ya bi yana saurayi, ya tara jarin da ya koma Kano da shi daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso, ya shiga sayen gyaɗa. Mai shagon ya ce wannan labarin kam ya san shi tun yana yaro, ya sa aka kawo mini goro fari, ya tambaye ni nawa ake sayar da ƙwarya yanzu a Mariri.